Zobba Huɗu a Wuyan Kekena

Litinin, 5 ga Mayu, da hantsi

Nives ta ce ko dai in fitar da gawar keken nan daga rumfa yau, ko ta kira masu kwasar ƙarfe su ɗauke shi har da ni. Kusan shekara arba'in da aurenmu ban taɓa jin ta yi barazanar da ba ta cika ko da rabinta ba, don haka na sauke shi daga ƙusa. Ya tsage daga wuya, tayar gaba ta lanƙwashe kamar murfin tukunyar da mota ta taka. Ban tsaya kallonsa ba. Na naɗe shi a tsohon bargo na kai wa Sauro mai shagon keke.

Sauro ya ɗaga bargon, ya mayar ya rufe, ya ce, "Ermes, wannan kam sai addu'a."

Tun Lahadin nan ta bayan Ista ban hau keke ba. Ƙafafuna sun fara yi mini tsiya, da safe sai in ji suna neman feda. Shekarata sittin da shida, gwiwoyina sun ƙare a shimfiɗa tayil a gidajen mutanen Faenza, amma a kan keke har yanzu ban san ni tsoho ba ne.

Keke biyu Sauro ya fito mini da su. Ɗaya ja, siriri, da yatsa biyu na ɗaga shi. Kansa a ƙasa yake, sai mutum ya sunkuya kamar mai neman allura. Ɗayan ruwan toka, tayoyinsa sun fi kauri, wuyansa dogo, a zauna ƙirji a ɗage. Kuɗinsu kusan ɗaya, don haka ba a nan gardamar take ba. Ya ce jan na gudu ne, mai ruwan tokan na dawowa gida ne ba tare da ciwon baya ba. Ya ce in gwada kowanne yadda nake so, ya san gidana.

Idona a kan jan yake tun da na shiga, kuma ɗan banzan ya gani.

An sallamo abokina Delmo daga asibiti. Matarsa Iside ta ce yana cin abinci, yana tafiya da kansa, amma ba ya son ganin kowa. Na ce ai ni ba baƙo ba ne, tun muna samari muke hawa tare. Ta ce ta sani, ni ne ma farkon wanda ya ce kada a bari ya shigo.

Laraba, 7 ga Mayu, da yamma

Na gwada jan. Allah Ya yi wa wanda ya ƙera shi albarka. Taki ɗaya, ya zabura kamar an tsikare shi. Na bi hanyar Brisighella, iska na wucewa ta saman bayana, sai ga ni ina dariya ni kaɗai kamar wawa. Na wuce wasu samari biyu masu kaya iri ɗaya, na gaishe su da ladabi, don su ji zafin abin sosai.

A dawowa akwai ɗan gangaren nan na bayan injin niƙa. Ba wani gangare ba ne, jikata ma tana sauka da shi hannu sake. Na riƙe birki tun daga sama har ƙasa. Da na tsaya sai da na ɓamɓare yatsuna daga ƙarfen. Birkin sabo ne, dole mutum ya gwada shi.

Nives ta yi miyar wake. Na ci kwano biyu, raina fes.

Alhamis, 8 ga Mayu, da safe

Wuyana ba ya juyawa. Matashin kan nan ne, na daɗe ina cewa a canza shi.

Lahadi, 11 ga Mayu, da azahar

Na je shagon kofi na dandali in ga tashin 'yan Lahadi, abokan hawan kekenmu. Da keken cefanen Nives na je, mai kwando a gaba, na sha tsiya iya shana. Gualtiero, wanda ya naɗa kansa shugabanmu ba tare da kowa ya zaɓe shi ba, ya tambaya ko zan taho masa da albasa in na dawo.

Labarin kekuna biyun ya riga ni isa. Gualtiero ya ce babu ma abin tunani a nan. Ya ce mai ruwan tokan ya gan shi a shago, ya ƙirga zobba huɗu a wuyansa. "Huɗu, Ermes. Ko limamin cocinmu uku ne a nasa."

Haka muke mu nan, kuma ban ga ranar da za mu warke ba. Zobban da ake jerawa a ƙarƙashin kan keke don a ɗaga shi, kowane ɗaya shaida ne cewa bayanka ya fara gajiya. Mutum ya zo da sabon keke, ba mai kallon fentinsa, wuyan za a leƙa. Babu zobe, namiji ne. Zobe ɗaya, a yi shiru. Biyu, a fara tambayar lafiyar jikoki. Delmo kuwa, ranar da ya sayi nasa, a gabana ya sa Sauro ya yanke sauran ƙarfen wuyan da zarto, wai don kada shaiɗan ya raya masa ƙara zobe in ya tsufa. Mun yi masa tafi a ranar.

Da aka zo maganarsa kowa ya rage murya. Suka tambaye ni ya jikinsa, tunda ni ne na kusa. Na ce da sauƙi. Wani ya fara cewa ai shi da ya waiwaya ya ga yadda abin ya... sai na ce kofina ya huce, na shiga ciki a sake mini.

Suka tashi su goma sha wani abu, sarƙoƙi na ƙara, suka bi kwana suka ɓace. Na ji kishi, ba zan ɓoye wa takarda ba. Na sayi gurasa na koma gida, kwandon dai ya yi amfani.

Talata, 13 ga Mayu, da la'asar

Na karɓo mai ruwan tokan. Ta bayan maƙabarta na bi don kada wani ya gan ni, kamar wanda ya sato akuya.

Abin haushi, daɗi ne da shi. Hanyar bakin kogi duk ramuka ce, amma tayoyin suna shanye su, ba abin da ke isowa ƙuguna. Ashe 'ya'yan itacen ceri sun fara ja a gonar su Bandini. Ashe an yi wa hasumiyar ƙaramin cocin can fenti, ban san tun yaushe ba. Shekara da shekaru ina bin hanyar nan, abin da na sani a cikinta shi ne tayar Delmo ta baya da faɗin rigarsa. Shi ƙato ne, ni ɗan firit, shi ke gaba yana karɓar iska, ni ina laɓe a bayansa ina hutawa. Yakan ce ya goya ni fiye da yadda uwata ta goya ni.

Aibinsa ɗaya, iska. Da ta taso daga gabas duk a ƙirjina take sauka, sai in ji kamar ina tura ƙofar gareji. Da jan ne da na shige ta ƙarƙashinta.

Ban yi niyyar bi ta ƙofar gidan Delmo ba, hanya ce ta bi da ni. Iside na shara a bakin ƙofa. Ta rame. Ta ce likita ya yarda ya hau keke, a hankali, a shimfiɗaɗɗiyar hanya, kuma da mutum a kusa, ya ce ma zai taimaka masa. Hannun hagun da ya shanye ne bai gama dawowa ba. Amma shi ya sa an rufe kekensa da zanin gado, ya ce ba zai zama kayan da wani zai riƙa ja ba. Kwana yake a kujera gaban talabijin, ba ya ko kunna ta.

Labulen tagar sama ya motsa. Na ɗaga hannu. Labulen ya koma yadda yake.

Juma'a, 16 ga Mayu, da rana

Nives na murza taliya, ni ina yanka, ta ce mai ruwan tokan zan saya. Ba tambaya ta yi ba. Na ce har yanzu ina nazari. Ta ce nazarin me, ranar da na hau jan sai da ta ɗaura mini takalmi washegari don na kasa sunkuyawa. Na ce wannan matashin kai ne. Ta ce to matashin ya warke da kansa ranar Talata ke nan.

Matsalar Nives ita ce tana da gaskiya da wuri. Da ta bar ni, da wataƙila na iso wurin da kaina. Yanzu da ta faɗa, sai jan ya ƙara kyau a idona.

Ta kuma ce ina magana cikin barci. Ban tambaye ta me nake cewa ba, ita ma ba ta ƙara ba. Taliyar ta yi daɗi ƙwarai.

Asabar, 17 ga Mayu, da yamma

Na ce wa Sauro ya ba ni jan gobe. Zan bi 'yan Lahadi.

Lahadi, 18 ga Mayu, da yamma

To, ban mutu ba. A hawan tudu ni ne na uku, na bar yara masu shekara hamsin suna haki a baya. Gualtiero ya dafa kafaɗata a wurin bututun ruwa na kan tudu ya ce, "Ka gani? Wannan keken da sunanka aka ƙera shi." Kaina ya yi girma, ban musa ba. Ƙafafuna suna nan, zuciyata tana nan, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a san shi.

A shimfiɗe bayan Gualtiero na laɓe. Mutumin nan bai iya jan mutane ba. Ya kauce wa rami ba zai nuna maka da hannu ba, ya rage gudu ba sanarwa, ga tofar da yawu ba ya duba iska. Duk tafiyar idona a kan tayarsa, hannuna a kan birki.

Da aka gama shan ruwa sai suka juya ta Monte Spino. Ban san ta nan za a sauka ba, ko kuma na sani na ƙi tunawa. Na ce su yi gaba, takalmina ya kwance. Na ɗaura shi, na kwance, na sake ɗaurawa, har ƙararsu ta ɓace. Sannan na sauka ni kaɗai. An gyara shingen kwana ta uku, inda muka faɗi ni da Delmo, sabon ƙarfe ne yana ƙyalli. Wani ya ajiye furanni a gindinsa, sun bushe. Wane irin rashin hankali ne wannan, mutumin yana gida da ransa yana cin taliya.

A shagon kofi aka yi ta hira, ni ma na yi. An ba ni kofina da ɗan biskit ɗin da ake ɗorawa a gefe. Na daɗe ina kallonsa, don rabona da cin nawa tun ina da gashi, kullum hannun Delmo ke riga ni. Na ci. Ba shi da wani daɗi ma.

Yini ne mai kyau, ban ce a'a ba. Wuyana kuwa kada a tambaya.

Laraba, 21 ga Mayu, da hantsi

Yau na ga Delmo.

Dabarar tawa ce, Nives ba ta da hannu. Tunda nake ban taɓa sayen keke bai sa baki ba, ko sirdi ne sai ya latsa shi da babban yatsa ya ce tir. Sai na karɓo mai ruwan tokan na jingina shi a tsakiyar farfajiyarsa, daidai ƙarƙashin tagarsa, na zauna a kan dakali ina jira. Na san shi. Zai iya jure rashin ganina, amma ba zai iya jure ganin zobba huɗu a gidansa bai yi magana ba.

Taga ta buɗe. Ya zube sosai, gefen bakinsa ya ɗan ja, maganar tana fita a hankali, amma muryar tasa ce.

"Meye wannan?"

"Keke."

"Ƙarya kake. Kujerar jiran likita ce aka sa wa taya. Ina kwandonsa?"

Na ji daɗi har sai da na sunkuyar da kai don kada ya ga fuskata. Na ce shawara na zo nema, tsakanin wannan da wani ja da ke wurin Sauro. Ya ce ya san jan, an gaya masa ni ne na uku a tudu ran Lahadi. Ashe yana bin labari. Ya sa na ɗaga keken ya gani, ya sa na juya feda baya, ya ja tsaki, ya ce giyar baya ta isa hawa bango. Muna cikin haka har Iside ta leƙo daga kicin tana share ido da gefen zani.

Sai na yi wauta. Na ce a hanyar bakin kogi ba abin da ya kai shi daɗi, shimfiɗe take, ba mota, mutum biyu za su iya tafiya a hankali.

Fuskarsa ta canza nan take.

"Ermes, dube ni. In don ni za ka sayi wannan abin, kada ka ƙara taka ƙofar gidan nan. Ina da mata, ina da likita, ba na neman ɗan raino. Je ka sayi jan ka bi mutanenka."

Ya rufe tagar da hannun dama.

Alhamis, 22 ga Mayu, da safe

In na sayi jan, na bi su Gualtiero, shi kuma ya ruɓe a kujera. In na sayi ɗayan, ya ce tausayinsa na ji, ya rufe mini ƙofa. Tsohon banza, ko a kwance sai ya tare hanya.

Alhamis ɗin dai, da la'asar

Na yi ta aikin tumatir a bayan gida don in huce. Ina ɗaure su a jikin kara ina yi wa kaina tambayar da ya yi mini. Don wa?

Na cire Delmo daga lissafin, na ce a ɗauka ya ƙaura Ostireliya wurin 'yarsa. Wanne zan ɗauka? Jan ya ba ni awa uku na samartaka, ya karɓi kwana uku na wuya. Ya fi ni son gangare, ni kuwa yanzu ba na so, ban kuma san ko zan sake so ba. Mai ruwan tokan na sauka daga kansa ina jin yunwa kawai. A kansa nake na ga ceri ya nuna. Ina son in zama na uku a tudu, wannan gaskiya ne, amma na riga na zama, an gani, an kai labari har gidan marasa lafiya.

Da na mayar da Delmo cikin lissafin amsar ba ta canza ba, sai dai ta ƙara nauyi. Wannan kuma ba laifina ba ne.

Asabar, 24 ga Mayu, da azahar

Sauro ya ce in yanke shawara yau, akwai wani likitan haƙori daga Faenza da ya zo sau biyu yana shafa jan. Na ce a bar masa, su masu cire haƙori sun saba sunkuyo.

Na shafa shi ni ma kafin in bari. Zuciyata ta sosu, kamar ranar da na sayar da motar aikina. Na tsaya a gabansa har Sauro ya yi kamar yana neman wani abu a bayan kanta.

Da ya zo daidaita mini mai ruwan tokan sai ya rage murya, ya ce zai iya cire zobba biyu ya yanke wuyan, ba wanda zai ce komai a kan biyu. Na ce ya bar su. Ya ce Gualtiero zai kashe ni da baki. Na ce ya bar su duka huɗun, in akwai na biyar ma ya ƙara. Ya ce babu.

Nives ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta dai soya mini zomo, wanda ya fi faɗar ciwo.

Lahadi, 25 ga Mayu, da rana

Na fita ni kaɗai ta bakin kogi. A gada 'yan Lahadi suka cim mini, suka wuce kamar jirgin ƙasa. Gualtiero ya waiwayo ya ce, "Kaka, a gaida jikoki!" Wani ya ce in riƙe hulata kada iska ta ɗauke ni. Na ɗaga musu hannu kamar Fafaroma. Na zaci abin zai yi mini zafi, sai na ji bai wuce cizon sauro ba.

Na bi ta ƙofar Delmo a tafiya da dawowa. Ban tsaya ba, ban kalli taga ba. Ya ce kada in taka ƙofarsa, bai ce kada in bi titin gwamnati ba.

Talata, 27 ga Mayu, da safe

Na bi ta ƙofarsa. Ban kalla ba.

Laraba, 28 ga Mayu, da safe

Haka dai. An yi yayyafi, tayoyin ba su damu ba. Na tsaya na sayi ceri a bakin hanya, na cika aljihun baya, na dawo ina tofar da ƙwallaye.

Alhamis, 29 ga Mayu, da yamma

Iside ta kira Nives a waya. Wai jiya ya tambaye ta inda ta ajiye famfon taya. Da ta kawo sai ya ce shi bai ce ta kawo ba, tambaya kawai ya yi.

Asabar, 31 ga Mayu, da la'asar

Na je sayen man sarƙa, na tarar Sauro ya rufe wani abu da kwali a bayan shago, yana ta kame-kame. Tayar da ta leƙo na san ta fiye da fuskar Nives. Da na matsa masa sai ya ce an sa shi rantsuwa, don haka in ɗauka ban ji ba. Keken Delmo ne, Iside ce ta kawo shi a bayan mota. An haɗa birki biyun a hannun dama. Kan keken kuma ana so a ɗaga, amma ina za a sa zobe, tunda mai shi ya sa an yanke wuyan tun tuni? Sai da Sauro ya nemo wani ƙarfe mai kallon sama ya ɗaura, abin ya fito kamar wuyan agwagwa.

Na yi dariya har na zauna a kan akwatin kayan aiki. Daga baya na ga Sauro ya miƙo mini tsumma, ashe ba dariya kaɗai nake ba. Tsumman duk baƙin mai ne.

Rabin gari sun sani, kuma ba wanda zai ce uffan. A wannan kam ina alfahari da mutanenmu.

Lahadi, 1 ga Yuni, da yamma

Na fita da sassafe kamar kullum, na bi ta ƙofarsa, ban kalla ba. Na wuce gidan mai, na hau hanyar bakin kogi. Can sai na ji ƙarar sarƙa a bayana, da wani numfashi mai fito ta hanci wanda ko a cikin mutum dubu zan gane shi.

Ban waiwaya ba. Wuyana lafiya lau yake yanzu, da na so da na juya. Na rage gudu kaɗan, ba yadda zai lura ba, na miƙe zaune sosai, na buɗe kafaɗu iya faɗin da Allah Ya ba ni. Iskar gabas ce yau ma, na karɓe ta duka. In na ga rami in nuna da hannu, in na ga tsakuwa in nuna. Ba wanda ya ce wa wani ina kwana. Inuwarsa tana gefen tawa a kan ciyawa, wani lokaci ta ɗan yi rawa, sai gabana ya faɗi, sai kuma ta daidaita. Haka muka wuce gonakin inabi, muka wuce gada.

Sai ga allon shiga ƙauyen San Biagio a gabanmu. A wurinmu duk allon suna na bakin gari wurin tsere ne, ba a sanarwa, ba a shiri, wanda tayarsa ta fara wucewa ya ci, ɗayan ya sayi kofi. Ko kusa ban kawo wannan a raina yau ba. Sai na ji giya ta canza a bayana, inuwar ta fito daga cikin tawa, ga Delmo a haguna, a zaune don ba ya iya miƙewa, haƙora a waje, wuyan agwagwar nan na kaɗawa. Ya wuce ni da rabin keke.

Abin da ya zo mini da farko shi ne in ƙyale shi. Mutum ya tashi daga inda ya tashi, me zai rage ni in ya ci allo ɗaya? Sai na ga ya ɗan karkato ido yana duba ƙafafuna, ko ina takawa da gaske.

Na miƙe tsaye a kan feda na zuba duk abin da nake da shi. Keken nan ba ya zabura, sai da na roƙe shi. Na kamo shi dab da allon, na wuce shi da faɗin taya.

Ya gangara gefen hanya ya tsaya, ya sa ƙafa ƙasa, ya kifa kai a kan hannunsa. Fuskarsa fari fat, ƙirjinsa na sama da ƙasa. Na jefar da sabon kekena a ciyawa na zo na tsaya a kansa, ina cewa a raina na kashe shi, me zan gaya wa Iside. Ya daɗe a haka. Sannan ya ɗago ya dube ni sama da ƙasa.

"Ko kunya ba ka ji ba? Mara lafiya ka tsere wa."

"Ban ji ba."

"A kan kujerar jiran likita."

"A kanta. Kuma kai za ka sayi kofi."

Ya yi wani sauti da na zaci tari ne, ashe dariya ce ke fita ta gefe guda. Ya miƙo hannun hagun, wanda bai gama dawowa ba, ya kama rigata ya riƙe iya ƙarfinsa, ba ƙarfi sosai, amma ya riƙe.

Ya sayi kofin. A hankali muka dawo, sau biyu muna tsayawa ya huta, duk sau biyun ya ce sarƙarsa yake dubawa. A ƙofar gidansa ya ce in biyo masa ranar Laraba, kuma in buga ƙofa kamar mutum, in daina wucewa ina sanɗa kamar ɓarawo.